Dutse a Kan Katako: Bitar Daɓen Gidan Fallingwater

Duk wanda ya san gidan Fallingwater, ta hoto guda ya fara saninsa. Mai ɗaukar hoton ya gangara can ƙasan rafi ya ɗaga kai, sai ga barandoji sun leƙo bisa ruwa, wata a kan wata, babu ginshiƙi ko ɗaya a ƙarƙashinsu, ruwan kuwa yana zubowa kamar daga cikin gidan yake fitowa. Hoton ya yi kyau, ban musa ba. Illarsa dai ita ce ya koya wa mutane kallon gidan da wuya a ɗage, alhali abin da ya fi ɗauke mini hankali a cikinsa yana ƙarƙashin tafin ƙafa. Daɓensa nake nufi, falalen duwatsun nan da aka shimfiɗa tun daga bakin murhu, suka ratsa falo, suka fice ta ƙofar gilashi har ƙarshen baranda. A ganina nan ne gwanintar mai zanen ta fi fitowa, nan ne kuma ciwon gidan ya ɓuya shekara da shekaru.

Frank Lloyd Wright ne ya zana shi a 1935, yana da shekara 68, a lokacin da mutane da yawa a Amurka suka ɗauka zamaninsa ya wuce. Masu gidan su ne Edgar Kaufmann da matarsa Liliane, masu wani katafaren kanti a birnin Pittsburgh. Suna da daji a kudu maso yammacin jihar Pennsylvania, tafiyar kusan kilomita 110 daga birnin, inda wani rafi mai suna Bear Run yake zubowa daga kan dutse. Sun zaci za a yi musu gida daga gefe, su riƙa zama suna kallon ruwan. Wright ya ɗauki gidan ya ɗora shi a kan ruwan. An soma aiki a 1936, aka gama babban gidan a 1937, aka ƙara masaukin baƙi a 1939. A watan Janairun 1938 mujallar Time ta sa hoton Wright a bangonta, zanen gidan yana bayansa, tsohon da aka ce ya ƙare ya dawo da ƙarfinsa.

To, mu koma ƙasa.

Dutsen ba daga nesa aka kawo shi ba. Dutsen yashi ne na yankin, wanda ake kira Pottsville, kuma a cikin filin aka haƙo shi, 'yar tafiya kaɗan daga inda aka kafa gidan, mutanen karkarar wurin suka fasa shi. Wannan kaɗai ya raba shi da yawancin daɓen dutsen da ake yayi yanzu, wanda ake yankowa da inji daga wata nahiya, kowane ɗaya daidai da ɗan'uwansa, a zuba a kwali a turo. Na Fallingwater babu biyu masu kama ɗaya. Wani faffaɗa ne har mutum ya kwanta a kansa, wani bai wuce faifai ba, gefunansu a karkace, simintin da ke tsakaninsu yana faɗi yana tsukewa yadda dutsen ya ga dama. Launinsa toka-toka ne mai ratsin ruwan ƙasa, irin launin falalen da rafin yake gudu a kansa. In ka tsaya ka ƙura ido, za ka ga magina ba su yi wa dutsen dole ba. Inda fuskarsa take da tudu an bar masa tudunsa, inda ta ɓantare an bar ɓantarewar, ƙafarka ce za ta gaya maka kafin idonka.

Dabarar da ta fi burge ni ƙarama ce, ba ta ci kuɗi ba. Duwatsun cikin ɗaki an shafe su da kaki an goge, suna sheƙi kamar jiƙaƙƙu. Na baranda an bar su yadda Allah ya yi su, busassu, ba ƙyalli. Saboda haka wanda ke zaune a falo gani yake kamar a kan gadon rafi yake, ruwa bai daɗe da janyewa ba. Idan kuwa hadari ya sauko, barandar ta jiƙe, sai na waje su ɗauki sheƙin na ciki, bambancin ya ɓace, gilashin da ke tsakaninsu ya zama kamar babu shi. Na daɗe ina kallon wannan abu, kuma har yau ban ga wani daɓe da ruwan sama yake ƙara wa kyau haka ba. Galibin gine-gine da rana ake musu hoto. Wannan da damina ya fi.

Sai dutsen murhu. A gaban murhun falo akwai wani ƙaton dutse da ya fasa daɓen ya ɓullo, kuma ba kawo shi aka yi ba, a nan gidan ya tarar da shi. Iyalan Kaufmann sun saba zama a kansa su sha hantsi tun kafin a yi maganar gini. An ce da farko niyyar Wright ita ce a sassaƙe kansa ya yi daidai da daɓe, maigidan ya ce a bar shi, Wright kuma ya karɓi shawarar. Shi ba a shafa masa kaki ba. Ga shi nan a bushe tsakiyar daɓe mai sheƙi, tamkar dutsen da ya leƙo daga cikin ruwa. Wright ba mutum ne mai saurin karɓar gyara ba, kowa ya san haka, don haka nake ba shi lada biyu a nan: na basira da na haƙuri.

Daga ɗaya ɓangaren falon akwai wata ƙofar gilashi da ake turawa a kwance, matakala ta sauka daga nan kai tsaye zuwa fuskar ruwa. Ta nan iska mai sanyi da ƙarar rafi suke hawowa. Ka ga ke nan falo ɗaya ya haɗa dutsen da ke kafe a ƙasa a wannan gefe da ruwa mai gudu a wancan, daɓen kuma shi ne ya ɗinke su. Barandojin ma ba ado ba ne kawai, faɗinsu in an haɗa ya kusa kai faɗin ɗakunan gidan duka. Rabin rayuwar gidan a waje aka shirya a yi ta, a kan waɗannan duwatsu.

Abin da ido ba ya gani, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mai ziyara yakan ɗauka duwatsun a kan kankare suke zaune. A hawa na farko ba haka ba ne. Abin da ke riƙe da falon da barandojinsa manyan bim ne na kankare da rodi, waɗanda suka kafu a gindin dutse suka miƙa fiye da mita 4 bisa rafi. Tsakaninsu akwai ƙananan bim da suka gitta su, kamar saƙar raga. Shimfiɗar kankaren tana ƙasan wannan raga, ita ce ake hangowa daga bakin ruwa. A samanta kuwa katako aka jera, aka rufe da alluna, sannan aka ɗora dutsen. Wato daɓen da duniya ke yabo, a wannan hawa, dutse ne a kan katako, kuma wani sashensa yana waje, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, dusar ƙanƙara ta kwana a kansa.

Dabarar tana da hujja. Sa kankare a ƙasa ya ba bim ɗin ƙarfi a daidai inda nauyi yake matse su, ramukan da ke tsakani kuma sun rage wa ginin nauyi. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa kan aikin kafinta da na birkila ya san katako da dutse ba halinsu ɗaya ba. Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, a taka shi ya ɗan lotsa ya dawo. Dutse bai san wannan wasa ba. Shi ko dai ya zauna daram ko ya tsage. Simintin da ke tsakanin duwatsu ma haka yake, da zarar abin da ke ƙasa ya motsa sai ya yi 'yar tsaga kamar gashi. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Pennsylvania ƙadangaren ruwa ne. Ya shiga tsagar da rana, dare ya yi ya daskare, in ya daskare kuma yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya buɗa tsagar. Gobe ya narke, ya ƙara nutsawa. Haka ake yi duk hunturu.

A nan ne zan fara rage murya, domin gidan yana da laifuffukansa, kuma ƙaunarsa ba za ta sa in rufe ido ba. Tun ranar da aka cire katakan da suka tallafe kankare, hawa na farko ya lotsa da kusan santimita 4 da rabi. Kamfanin da ya kawo rodi ya riga ya ga cewa ƙarfen da aka rubuta a zane ya yi kaɗan, ya ninka shi, Wright ya ji labari ya fusata. Daga baya lissafi ya nuna ninkin ma bai isa ba. Kaufmann bai taɓa sakin jiki ba. Daga 1941 har rasuwarsa a 1955 yana sa a auna masa barandojin kowace shekara, ya ga ko sun ƙara sunkuyawa. Sun kuwa ci gaba. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 wani gefen ya sauka da kusan santimita 18, har a 1997 aka kafa tokare na ƙarfe a cikin rafin don kada a wayi gari da mummunan labari. Injiniya Robert Silman da mutanensa, da suka binciki ginin, sun gano cewa barandar ɗakin barci da ke sama ba ita ke ɗauke da kanta ba. Ta jingina nauyinta a kan wasu siraran ƙarafa huɗu na tagogin falo, su kuma suka sauke shi a kan bim ɗin ƙasa, waɗanda dama nasu kayan ya ishe su.

Wannan sunkuyo ba ƙaramin abu ba ne ga daɓe. Baranda da ta karkata ba yadda aka tsara ba takan tura ruwa inda ba a shirya masa ba, ya taru, ya kwana. Ga shi kuma abin nan da na yaba, wato daɓen ciki da na waje sun zo kusan kai ɗaya, dokin ƙofa ɗan ƙarami ne, shi ne ya rage wa gidan kariya. Kyan da ido ke gani a bakin ƙofar, ruwa ma ya gan shi. Gidan ya yi suna wajen yoyo tun masu shi suna raye, bokitai na aiki, danshi da fumfuna ba su rabu da shi ba. An sha ɗaga duwatsun baranda ana sauya shimfiɗar hana ruwa da ke ƙarƙashinsu.

Maginanmu na gargajiya ba za su yi mamakin wannan ba. Soron ƙasa ma nauyi ne aka ɗora a kan itace: a jera azara, a rufe, a zuba ƙasa a daɓe. Amma ba magini mai hankali da zai gama rufi bai karkata shi ba, bai kuma fitar da indararo da zai jefa ruwa nesa da bango ba, maigida kuma ya san kafin kowace damina sai an hau an duba. Wright ya ba da zuciyarsa ga layin da ya miƙe sambal, ya ƙi duk abin da zai ɓata masa shi. Ruwa kuwa ba ya son shimfiɗaɗɗen wuri, gangare yake nema, in ba a ba shi ba ya nemo da kansa ta cikin silin.

Adalci dai shi ne a tuna da zamanin. A 1936 babu irin ledojin roba da shimfiɗun hana ruwa da ake da su yau, babu kwamfutar da za ta lissafa yadda kankare zai ci gaba da lotsawa cikin shekara hamsin. Mutumin ya yi abin da ba a saba yi ba da kayan da ke hannunsa. Kuma gidan ya ga jarrabawa: a 1956 rafin ya yi ambaliya har ruwa ya shiga falo, ginin bai gusa ba.

Gyaran da aka yi tsakanin 2001 da 2002 ni a wurina wani aikin fasaha ne mai zaman kansa, ya cancanci a yabe shi kamar yadda ake yabon zanen farko. Hukumar Western Pennsylvania Conservancy, wadda ɗan masu gidan, Edgar ƙarami, ya damƙa wa amanarsa a 1963, ita ta ɗauki nauyi. Ba a sauya fuskar gidan ba. Ta daɓe aka shiga. Aka bi ɗaruruwan duwatsun falo ɗaya bayan ɗaya, aka sa wa kowanne lamba, aka ɗaga su aka ajiye, aka cire katakon. Sannan aka shimfiɗa igiyoyin ƙarfe a gefen manyan bim, aka ja su da jak har suka ɗaure tamau, suka karɓi nauyin da rodi ya kasa ɗauka. Ba a yi ƙoƙarin miƙar da barandojin su koma yadda suke a takarda ba, domin tagogi da ƙofofi sun riga sun saba da karkatar, dole za ta fasa su. An dai tsayar da sunkuyon a inda ya kai. Daga nan aka mayar da kowane dutse gurbinsa. Yau in ka shiga falon ba za ka ga alamar an taɓa shi ba. Ina ganin da a ce daɓen zubin kankare ne guda, da gyaran ya bar tabo. Kasancewarsa guntu-guntu a kan katako, abin da ya jawo masa rauni, shi ne kuma ya ba da ƙofar magani.

Na san masu karatu da yawa ba tarihi ne ya dame su ba. Sun ga irin wannan daɓe, suna da dandamalin katako a bayan gida ko a wurin shaƙatawa, suna so su rufe shi da dutse. A Amurka, inda irin wannan dandamali ya zama ruwan dare, tambaya ce da ake yawan yi wa magina. Abin da Fallingwater ke koyarwa a nan a fili yake. Nauyi ne farko. Dandamalin gida a can galibi ana lissafa shi ne ya ɗauki mutane da kaya kimanin kilo 195 a kowace murabba'in mita, nauyin jikinsa kuma kusan kilo 50. Dutsen yashi mai kaurin santimita 5 shi kaɗai ya haura kilo 100 a murabba'in mita, ba a sa siminti ba. Ka ga tun kafin baƙo ya taka, an cinye fiye da abin da aka ware wa nauyin jikinsa. Sai lotsawa. Ƙa'idar masu aikin tayil ita ce daɓen da za a sa wa tayil na yumɓu kada ya lotsa fiye da kashi ɗaya cikin 360 na tsawonsa, na dutse kuwa kashi ɗaya cikin 720. A katako mai tsawon mita 3.6, milimita 5 ke nan kacal. Dandamalin da aka yi don alluna da wuya ya cika wannan sharaɗi sai an ƙara masa katakai da ginshiƙai.

Wanda ya liƙa dutse kai tsaye a kan allunan dandamali da siminti, ya sayi tsaga da kuɗinsa. Masu yin aikin da kyau sukan bi ɗaya daga hanya biyu. Ko dai a rufe katakon da faranti mai ƙarfi, a ba shi gangaren santimita 2 a kowace mita, a shimfiɗa abin hana ruwa, a ƙara wata shimfiɗa da ke raba motsin katako da dutse, a kuma bar 'yar tazara a gefuna da za a cike da abu mai laushi. Ko kuma a haƙura da siminti gaba ɗaya: a ɗora duwatsun a kan raga ko 'yan ƙafafun roba, a bar tsakaninsu a buɗe, ruwa ya zube ƙasa ya wuce, iska ta riƙa busar da katako. Ni ta biyun na fi so, kuma gidan Wright ne ya sa. Dutsen da za a iya ɗagawa a leƙa ƙarƙashinsa ya fi wanda aka binne laifi a bayansa. A ƙasashenmu ba mu da ƙanƙarar da za ta fasa dutse, amma muna da gara, kuma katakon da aka rufe a cikin duhu da danshi gayyata ce a gare ta.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da zan ambata in wuce. Katangar barandojin gajera ce, ba ta kai ƙugu ba, mai ƙananan yara ba zai zauna da kwanciyar rai ba. Rufin wasu ɗakunan ya yi ƙasa ƙwarai, dogon mutum sai ya riƙa sunkuyar da kai ko da bai kai ga taɓawa ba. Daɓen da nake ta yabo ma ba abokin kujera mai ƙafa huɗu ba ne, sai ta yi ta rawa, ba mamaki kujerun cin abincin da Liliane ta zaɓa masu ƙafa uku ne. Kuma dutsen waje in ya jiƙe, ganye ya zuba a kansa, yana buƙatar taka-tsantsan. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya rage mini son gidan. Sun dai tuna mini cewa gidan hutu ne na masu hali, waɗanda ke da ma'aikatan da za su goge, su share, su tare yoyo.

An buɗe shi ga jama'a a 1964, miliyoyin mutane sun taka waɗannan duwatsu tun daga lokacin, a 2019 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da wasu gine-ginen Wright guda bakwai. Yaƙi da ruwa bai ƙare ba, har a 'yan shekarun nan an sake kafa sikafol ana sabunta rufi da shimfiɗun barandoji. Hukuncina shi ne, a fagen kyau ban san daɓen dutsen da ya kai wannan ba, kuma wahalar da ake sha a kansa ta cancanta. Amma kai mai karatu da kake shirin ɗora dutse a kan katako, ka ɗauki zaɓen dutsen da shimfiɗarsa daga Wright, lissafin nauyi da hanyar ruwa kuwa ka nemi injiniya ya yi maka su kafin kafinta ya buga ƙusa ta farko.